Uwa Biyu: Ta Gida da Ta Kasuwa



Makonni uku da suka wuce, bayan sallar La'asar, wani ɗan'uwa daga cikinmu ya zauna har masallaci ya watse, sannan ya matso inda muke haɗa lissafin asusu. Mun ɗauka taimako ya zo nema, har mun fara tunanin abin da ya rage a akwati. Ashe tambaya ya kawo. Ya yarda mu kawo maganarsa a wannan takarda, da sharaɗin ba za mu ambaci sunansa ko garinsu ba.

Ɗan kasuwa ne, mai sayar da yadi a Kasuwar Monday. Mahaifiyarsa tana can gida a ƙasar Katsina. Bara hawan jini ya kayar da ita, ɓarin jikinta ya shanye. Tun daga ranar shi ke sayen magani, shi ke biyan kuɗin gwaji, shi ke biyan motar da za ta kai ta asibiti ta dawo da ita. Da farko daga riba yake cirewa. Da riba ta kasa, ya shiga jari. Yanzu, in ji shi, rabin kayan da ke shagonsa ba nasa ba ne, bashi ne ya ɗauko a wurin uban gidansa a Kantin Kwari, sai ya sayar ya biya. Ga shi an sake bugo waya daga gida an ce likita ya rubuta a kwantar da ita. Ya ce mana, "Malam Sakatare, uwa biyu gare ni. Ga wadda ta haife ni, ga uwar kuɗi. In na riƙe ɗaya sai na saki ɗaya. Wacce zan saka?"

Ba mu ba shi amsa a ranar ba, don ba mu da ita. Amma tambayar ta ƙi barinmu, musamman da muka koma littafin masallaci muka duba. Duk wanda yake tsayawa bayan sallar Juma'a ya ji sanarwa ya san yadda roƙon ya canja. Da can gobara ce, ko matafiyin da guzurinsa ya ƙare, ko maraya. Yanzu sau da yawa takardar asibiti ce ta uwa ko uba, kuma mai riƙe da takardar ba almajiri ba ne, mutum ne mai shago, wanda shekaru biyar baya shi ke sa hannu a aljihu in an yi sanarwa.

Babu wanda zai tsaya a cikinmu yana gardama kan ko kula da iyaye wajibi ne. Yaron da ke makarantar allo ma ya san wannan. A Suratul Isra'i an haɗa kyautata wa iyaye da kaɗaita Allah a waje guda, kuma lokacin tsufansu aka ware aka ambata, lokacin da ɗa ya fi saurin ƙosawa. Wannan a rufe yake. Abin da ba mu cika tattaunawa ba shi ne abin da ke biyo baya: daga wane kuɗi za a yi, har zuwa ina, kuma wa da wa za su ɗauka. Mai wa'azi yakan tsaya a kan falala, jama'a su yi kabbara, a tashi. Sai mutum ya koma shago ranar Asabar ya tarar da lissafi yana jiransa, shi kaɗai.

Ya kamata mu fara yarda cewa nauyin ya ƙaru, ba wai 'ya'yan yanzu ne suka lalace ba. A da, a tsarin gandu, tsoho yana tsakiyar gidansa, 'ya'yansa suna noma gonarsa, rumbu ɗaya ake ɗiba. Kula da shi aiki ne na jiki: a kai masa fura, a ɗebo ruwa, a shimfiɗa masa tabarma a inuwa. Mu kuma da muka baro gida, ko iyayenmu suka baro tun zamanin da jirgin ƙasa ya iso Maiduguri a 1964, duk abin da ɗa zai yi da hannunsa sai mun mayar da shi kuɗi. Gaisuwar safe ta zama katin waya. Kai abinci ya zama tura kuɗi ta wurin mai POS. Dubiya ta zama tafiyar kusan kilomita 600 zuwa Kano, ta Damaturu da Potiskum da Azare, wanda garinsu ke gaba kuma ya sake hawa wata motar. Kowa ya san hanyar Damaturu ba a bin ta da dare. Ke nan dubiya ɗaya kwana uku ce ko huɗu, kuma duk kwanakin shago a kulle yake ko yana hannun yaro. Wannan asarar ba ta fitowa a rasit, amma asara ce.

Sannan cutar tsufa ba irin hidimar da muka saba tanadi dominta ba ce. Biki yana da rana, a yi a gama. Suna haka. Ko rasuwa ce, Allah ya sa mu cika da imani, kwana bakwai an watse. Amma hawan jini da ciwon suga ba su da ranar gamawa. Kwalin magani ya ƙare, a sayi wani. Wanda ƙodarsa ta taɓu, ana yi masa wanki sau biyu ko uku a mako, kuma mu da muke maƙwabtaka da Yobe mun san yadda wannan ciwo ya addabi mutanen Gashuwa da kewaye. A ƙasar nan, fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a lafiya daga aljihun mutane yake fitowa kai tsaye. Iyayenmu kuwa manoma ne da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu. Dokar fansho ta 2004 don ma'aikata aka yi ta. Fanshon manomi ɗansa ne.

A kan wannan kuma sai shekarun nan suka hau. Farkon 2023 aka shiga ƙarancin takardun kuɗi, mutum da kuɗinsa a banki amma ba ya iya sayen maganin tsohuwarsa a ƙauye. Ana cikin haka, ranar 26 ga Fabrairu, gobara ta cinye Kasuwar Monday. Ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin mai, litar da ke ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Dala ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu ta wuce 1,500, magani kuwa yawancinsa ko sinadarinsa daga waje ake shigo da shi. Ba mu gama farfaɗowa ba, ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga gidaje da shaguna. A duk cikin waɗannan ranaku babu ranar da hawan jinin Inna ya ce bari in ɗaga wa ɗana ƙafa, shagonsa ya ƙone.

To, mu koma kan tambayar ɗan'uwanmu. Da muka yi ta juya ta, sai muka ga kuɗin da ke hannun ɗan kasuwa ba iri ɗaya ba ne, ko da duk a aljihu ɗaya yake zuba su. Akwai riba. Akwai jarinsa na kansa. Akwai kuma kuɗin mutane, wato kayan bashi, kuɗin adashi, ajiyar da aka ba shi. Hukuncinsu ba zai zama ɗaya ba.

Riba babu dogon zance a kanta. Wanda ya sami rarar da zai canja waya, ko ya ɗinka shadda ta uku, ko ya fara zancen ƙara aure, alhali maganin mahaifinsa ya yanke kwana goma, wannan ba matsin tattalin arziki ke damunsa ba. Ba da shi muke magana a yau ba.

Jari shi ne inda maganar take da wuya. Bari mu buga misali, ba lissafin kowa ba ne. A ce mutum yana juya naira miliyan 2, yana samun ribar dubu 150 a wata bayan ya fitar da kuɗin shago. Gidansa yana cin dubu 120. Saura dubu 30. Hidimar mahaifiya, magani da abinci na musamman da kuɗin mota, dubu 60 ce a wata. Ke nan kowane wata yana gutsurar dubu 30 daga jari ba tare da ya ji zafi ba. A shekara dubu 360. A ce kuma an kwantar da ita sau ɗaya, dubu 400 ta tafi. Ƙarshen shekara jarinsa ya koma miliyan 1 da dubu 240. Ribar wannan, in aka bi lissafin farko, dubu 93 ce. Yanzu ko cefanen gidansa ba ta kai ba, balle maganin. Ba mu ma sa tsadar kaya a ciki ba, wadda ta sa kuɗin da ya sayi bandir goma bara bana ba zai sayi goman ba. Shekara ta biyu gangarowar ta fi sauri. Shekara ta uku sai ka ga mutum a bakin shagon wani yana dillanci, mahaifiyar tana nan da ranta, maganin kuma ya tsaya cak.

Shi ya sa muke ganin ɗan'uwanmu ya ɗora tambayar a karkace. Uwar kuɗi ba kishiyar mahaifiya ba ce, rijiyar da mahaifiyar take sha ce. Akwai ranar da za a taɓa jari ba tare da waiwaye ba: an ce aiki za a yi yau ko a rasa ta, an ce jini za a ƙara yanzu. A irin wannan rana wanda ya tsaya lissafi ya ji kunya duniya da lahira. Amma hidimar wata-wata, wadda ba a san ranar ƙarewarta ba, in aka ɗora ta a kan jari, tsohuwar ce za ta fara kwana a ciki. Dole a nemo mata wani wurin zama.

Mun san abin da wasu za su ce, don an faɗa mana a fuska. Za su ce wannan lissafin 'yan boko ne, wanda ya kashe wa uwarsa Allah ba zai bar shi ya tozarta ba. Kuma za su kawo labarin mutum ukun nan da dutse ya rufe a kogo, wanda ya zo a Buhari da Muslim, inda ɗayansu ya tsaya da ƙwaryar madara a kan iyayensa suna barci har gari ya waye, 'ya'yansa suna kukan yunwa, bai ba su ba sai da iyayen suka sha. Ba mu raina wannan magana ba ko kaɗan. Mu ma mun ga mutanen da suka yi wa iyayensu hidima har suka koma ba su da komai, daga baya Allah ya buɗa musu ta inda ba su zata ba. Amma mun kuma ga waɗanda suka yi, buɗin bai zo a nan duniya ba, ladansu yana wurin Allah, iyalinsu kuma suka watse. Ba daidai ba ne mu riƙa ba da labarin kashi na farko kawai. Sannan a duba labarin kogon da kyau. Madarar tasa ce, kuma dare ɗaya ne. A cikin mutum ukun nan kuma akwai wanda abin da ya cece shi shi ne ya riƙe ladan wani ɗan ƙwadago, ya juya masa shi har ya zama garke, ya miƙa masa duka bai rage komai ba. Dutsen bai gama buɗewa ba sai da aka haɗa da amanar dukiyar mutane.

Wannan ya kawo mu kan kashi na uku. Kayan da ka ɗauko bashi a Kwari ko a Singa, in ka sayar ka tura kuɗin gida ba da sanin mai kaya ba, ba kai ka yi wa mahaifiyarka hidima ba. Alhajin da ya ba ka kaya ne ya yi, kuma ba a tambaye shi ba. Wataƙila shi ma yana da tsohuwa a kwance. Mun san zuciya ba ta son jin wannan, amma kyakkyawar niyya ba ta mayar da kuɗin wani naka. Hanyar a buɗe take: ɗauki waya, ka ce, "Alhaji, ga halin da nake ciki, a ɗaga mini wata biyu." Zai iya yarda, zai iya ƙi. Abin da ke hana mu bugawa kunya ce, kuma kunyar nan ita ce take kai mutum ga kashe waya, daga nan a canja layi, daga nan sunan da aka yi shekara ashirin ana ginawa ya rushe. Kasuwancinmu na baƙi a kan yarda yake tafiya. Mutum ɗaya ya ci amana, sai a ce 'yan Maiduguri ba sa biya, a rufe wa goma ƙofa.

Mun kai maganar gaban Malam Liman, kuma abin da ya tuna mana ya sauƙaƙa abubuwa da yawa. A littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, tun daga Risala ta Ibn Abi Zaid, ciyar da iyaye yana wajaba ne idan iyayen matalauta ne, ɗan kuma yana da hali. Idan 'ya'yan suna da yawa, raba musu ake yi. Muhtasar ya kawo zantuka uku kan yadda za a raba: ko daidai wa daida, ko gwargwadon rabon gado, ko gwargwadon wadatar kowa, kuma masu sharhi sun fi rinjayar da na ƙarshen. Mace mai dukiya ma tana ciki, ba maza kaɗai ba. Ya kuma ja kunne cewa ba a biyan wannan da zakka, don ba ka ba da zakkarka ga wanda ciyar da shi yake wuyanka.

A lura da kalmar rabawa. Yawancin gidajenmu ba a rabawa, jibgawa ake yi. Wanda yake Maiduguri, ko Legas, ko Kumasi, shi ne mai kuɗi, magana ta ƙare. Waya za ta yi ƙara da asuba: "Yaya, jikin Inna ya tashi." Daga nan an sauke nauyi, saura jiran alat. Ƙannai huɗu a gida, kowa da sana'arsa, ɗaya ma da babur biyu a kan titi, amma ba wanda ya ga ya dace ya sayi ko kwalin ƙwaya ɗaya, tunda akwai Yaya.

Sai dai a nan wallahi da laifinmu. Wa ya koya musu cewa mu masu kuɗi ne? Mu ne muke ɗaukar bashi mu ɗinka sababbin kaya mu tafi gida da Sallah, mu zauna a ƙofar gida muna raba sababbin ɗari biyar-biyar, ana Alhaji ya zo. Ba mu taɓa cewa kasuwa ta ƙone mana ba, sai mu ce Alhamdulillahi, ana ta fama. Godiya ga Allah wajibi ce, amma ɓoye wa ɗan'uwanka gaskiyar aljihunka, sannan ka riƙa jin haushinsa don bai taimaka ba, wannan zalunci ne ta ɓangare biyu. Wanda yake so a raba masa kaya sai ya fara sauke girman kai ya faɗi nauyinsu.

Kuma in za a yi lissafin, a yi shi cikakke. Akwai mai bayarwa da ba ta tura alat. A kusan kowane gida da ke da tsoho a kwance akwai mace ɗaya da rayuwarta ta tsaya: ƙanwa da aurenta ya mutu ta dawo gida, ko matar ƙani, ko jika. Ita ke juya mara lafiya kada bayanta ya yi gyambo, ita ke wanke zane da tsakar dare, ita ke kwana a ƙasan gadon asibiti. Da tana soya ƙosai ko tana ɗinki, yanzu ta daina. Da za a ɗauko wani a biya shi wannan aiki, da an san kuɗinsa. Amma mu da muke nesa sai mu riƙa magana kamar mu kaɗai ke jinya, har mu buga waya muna faɗa, ina kuɗin da na turo shekaranjiya? Wanda ya ba da dubu 60 ya koma ya yi barcinsa bai fi wadda ta ba da darenta ba. In akwai hali, a yanka mata wani abu nata na kanta a kowane wata, kada a kira shi kyauta.

Haka in aka ɗauko tsohuwa aka kawo ta nan. Da yawanmu mun gwada, kuma ta fuskar kuɗi yakan fi sauƙi: tukunya ɗaya, ga asibitoci kusa, babu kuɗin mota zuwa Katsina. Amma aikin a kan matar gida yake sauka, mai gida ya fita tun safe sai Magariba. Malamai sun bayyana cewa yi wa surukai hidima alheri ne daga mace, ba bashi ba ne a kanta. Wanda matarsa take yi, ya san an yi masa alfarma, ya nuna ya sani. Su kansu tsofaffin ba duka ke son zuwa ba. Dattijon da a garinsu in ya fito kowa sai ya durƙusa, ka kawo shi ɗakin haya a Gwange ko Bulumkutu, bai san kowa ba, maƙwabta suna Kanuri ba ya ji, sai ka ga yana ramewa alhali ana ba shi magani a kan lokaci. Ƙarshe ya ce a mayar da shi ya mutu a ɗakinsa.

Akwai wata magana da ba a son taɓawa, amma za mu taɓa. Sau da yawa tsohon da ake cewa ba shi da komai yana da gona, ko fili a bakin titi, ko shanu a wurin Fulani. Tsohuwa tana da tumuninta na gadon mijinta da ba a taɓa fitar mata ba. In aka ce a sayar da wani abu a yi magani, sai 'ya'ya su tashi: haba, gonar gado? Gadon wa? Mai ita yana nan da ransa, yana nishi a ɗaki. Dukiyar mutum an tara ta ne don irin wannan rana. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne ana adana gonar don a raba bayan ransa, ɗa ɗaya kuma yana karyewa a wani gari, ranar rabo kuma kowa zai miƙo hannu daidai da shi. Ba mu ce a tilasta wa tsoho sayar da abinsa ba. In hankalinsa yana nan, shi ke da magana, kuma wani ya fi son ya sha wahala da ya ga an yanka gonar ubansa. Amma a gaya masa gaskiyar halin da ɗansa yake ciki, ya zaɓa da saninsa. Iyaye da yawa da sun san jari ake ci, da su za su fara cewa a sayar.

Inda muka tsaya ba mu da amsa mai tsabta shi ne tsakanin iyaye da 'ya'ya. Kuɗin makaranta da kuɗin magani sukan faɗo a mako ɗaya. Zuciya tana cewa yaro yana da gobe, tsohuwa ba ta da ita. Wata zuciyar tana cewa goben yaron yau ake gina ta. Duka biyun haƙƙi ne a wuyan mutum ɗaya. Abin da kawai za mu iya faɗa da ƙarfi shi ne, a jinkirta zango ɗaya, ko a sauya wa yaro makaranta mai sauƙi, wannan ana iya gyara shi. Amma a cire yarinya 'yar shekara goma sha uku daga aji a tura ta ƙauye jinyar kaka har abin da hali ya yi, wannan ba kai ka biya bashin iyayenka ba, ita ka sa ta biya, kuma ba a shawarce ta ba.

Ba mu kaɗai ke cikin wannan ba. Singafo ta yi doka a 1995 wadda ta ba tsoho damar kai ƙarar 'ya'yansa in sun ƙi ciyar da shi, Indiya ta yi irinta a 2007. Jamus a 1995 da Japan a 2000 sun bi wata hanyar, suka kafa inshora ta musamman don kula da tsofaffi, a Japan tun mutum yana shekara 40 yake fara zubawa. Mu a nan, a watan Maris na 2019 an ƙaddamar da ƙaramin fansho don masu sana'ar kansu, a 2022 kuma aka sa hannu a sabuwar dokar inshorar lafiya ta ƙasa, jihohi irin su Borno da Kano suna da hukumomin taimakekeniyar lafiya nasu. Da muka tambaya a kwamitin masallaci ko akwai wanda ya taɓa zuwa ya ji yadda ake shiga, kowa kallon ɗan'uwansa ya yi. Mu da muke tsakanin talatin da hamsin, mu ne tsofaffin da za a yi wannan zaman a kansu nan da shekara ashirin, kuma yaran da ke wasa a harabar masallaci yanzu su ne za su riƙe takardar asibitin. Muna adashin biki, muna adashin Sallah, muna adashin kujerar Makka. Kwamiti ya wakilta mutum biyu su je su jiyo bayanin tsarin lafiyar na jiha, da sharuɗɗansa da abin da yake ɗauka da abin da ba ya ɗauka, su kawo mana a rubuce. Za kuma a zauna ranar Lahadi bayan La'asar kan ko za a buɗe asusun jinya daban da akwatin masallaci, wanda masu zubi ne kawai za su ci. Masu shaguna a Gamboru da hanyar Baga, don Allah a daure a zo, kada a ce an yanke ba da ku ba.

Shi kuwa ɗan'uwanmu mai yadi, ya buga wa uban gidansa waya. Ya ce sai da ya yi kwana biyu yana ɗaukar wayar yana ajiyewa. Alhajin ya ɗaga masa wata biyu, amma ya ce ba zai ƙara masa sabon kaya ba sai ya rage na baya. Daga nan ya tafi gida, ya tara ƙannensa a zaure, ya ajiye littafin shago a gabansu suka gani da idonsu. An yi hayaniya, ɗaya ya tashi ya fita. Mahaifiyar da aka gaya mata, da bakinta da ba ya fita sosai, ta ce a fitar da tumuninta a gonar a sayar. Biyu daga cikin ƙannen sun ɗauki abinci da kuɗin mota, shi ya riƙe magani, an kuma yanka wa ƙanwar da ke jinya wani abu a wata. Wanda ya fita har yau bai kira shi ba. An kwantar da Inna kwana tara, an sallamo ta, hannun dai bai dawo ba. Ranar Talata mun bi ta shagonsa, kantar sama babu komai a kanta, ta ƙasa kuma akwai kaya daidai gwargwado. Ya ce a sa mahaifiyarsa a addu'a yau bayan sallah.